Kwantena ko kwamfutar kwaikwayo: amsa ga mai cibiyar koyar da kwamfuta a Samaru

Malam, ka rubuto cewa kana da cibiyar koyar da kwamfuta a Samaru, kuma kana da babbar kwamfuta ɗaya mai ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, gigabait 16, wadda kake son ta ɗauki nauyi uku: manhajar Moodle da ɗalibanka ke gwajin jarrabawa a kanta, wata manhajar lissafin kuɗi da ba ta aiki sai a Windows, da kuma wurin da ɗalibai 20 za su koyi sarrafa Linux ba tare da wani ya ɓata wa wani aiki ba. Ka ce ka gwada VirtualBox, amma da zarar ka kunna kwamfutocin kwaikwayo huɗu ko biyar sai injin ya fara nishi, shi ya sa kake tambayar ko kwantenar da ka ji ana zancenta ita ce mafita, da kuma yadda ake kula da ita.

Shawarata ita ce duk aikin da Linux zai iya ɗauka ka saka shi a kwantena, kada ka kunna kwamfutar kwaikwayo sai inda babu makawa, kuma a halin da kake ciki wurin da babu makawa ɗaya ne tak, shi ne Windows ɗin nan na lissafin kuɗi. Kwamfutarka ba ta yi ƙaranci ba, rabon da aka yi mata ne bai dace da ita ba. Sai dai kafin in kawo umarnin da za ka rubuta, ya kamata ka fahimci dalilin, domin wanda ya san dalili shi ne ke iya gyara ranar da abu ya lalace babu kowa kusa.

Kowace babbar manhaja, irin su Linux da Windows, tana da zuciya da ake kira kanel, wadda ita ce ke magana kai tsaye da furosesa da faifan ajiya da katin sadarwa, ita ce kuma ke raba wa sauran manhajoji lokaci da wuri. Kwamfutar kwaikwayo cikakkiyar kwamfuta ce da aka ƙera da manhaja: tana da nata kanel, da nata faifan, da nata katin sadarwar, tana kuma tashi daga farko kamar yadda injin gaske ke tashi idan an danna masa maɓalli. Wannan dabara tsohuwa ce, domin kamfanin IBM ya fitar da VM/370 tun a 1972, amma ba ta zama abin kowa da kowa ba sai da Intel ya saka fasahar VT-x a furosesoshinsa a 2005, AMD ya biyo baya da AMD-V a 2006, sannan aka shigar da KVM cikin kanel ɗin Linux a farkon 2007. KVM ne ke bai wa baƙuwar kwamfutar damar amfani da furosesan gaske, shi kuma QEMU, wanda Fabrice Bellard ya fara a 2003, shi ne ke kwaikwayon sauran kayan jikinta.

Kwantena kuwa ba ta da kanel nata, na mai masaukinta, wato injin gasken da take zaune a kansa, take amfani da shi. Abin da Linux ke yi shi ne ya kewaye wasu manhajoji da labule ta yadda ba za su ga fayilolin wasu ba, ba za su ga ayyukan wasu ba, kuma suna da sunansu da adireshin sadarwarsu daban, sannan ya ɗora musu ma'auni na abin da za su ci daga RAM da furosesa. Ma'aunin nan shi ake kira cgroups, injiniyoyin Google ne suka fara shi a 2006, ya shiga kanel a 2008, kuma a shekarar ce aikin LXC ya fara haɗa labulen da ma'aunin wuri ɗaya. Ka ɗauki misalin gidajen hayar ɗalibai da ke nan Samaru: kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma rijiya ɗaya ce, zaure ɗaya ne, mita ɗaya ce. Kwamfutar kwaikwayo kuwa tamkar ka gina wa kowane ɗalibi gida ne mai katanga da rijiyarsa, alhali abin da yake bukata bai wuce wurin shimfiɗa katifa da teburin karatu ba.

Lissafin a fili yake. Idan ka bai wa ɗalibai 20 kwamfutar kwaikwayo mai gigabait 1 kowanne, ka riga ka yi alkawarin gigabait 20 a injin da ke da 16, tun ba a zo kan Moodle da Windows ba, kuma kowace baƙuwa tana riƙe yawancin abin da ta taɓa amfani da shi ko da ɗalibin ya tashi ya tafi sallar azahar. Kwantenar Debian da ba ta aikin komai kuwa ba ta cin ko megabait 100, tana tashi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma abin da ba ta ci ba yana nan a hannun mai masauki domin wani ya amfana. Saboda haka kwantena 20 za su zauna lafiya a injinka, har da sauran fili.

Akwai wani ruɗani da nake son in kawar tun yanzu, domin na sha ganin ya ɓata wa mutane lokaci. Kalmar kwantena tana nufin abu iri biyu. Wadda Docker ya shahara da ita tun 2013 an yi ta ne domin ta ɗauki manhaja ɗaya, a kunna ta, a jefar da ita, a ɗauko sabuwa. Wadda kake bukata ita ce kwantenar tsari, wadda ke ɗauke da cikakken Linux in ban da kanel: ana shiga cikinta ta SSH, wato hanyar sarrafa kwamfuta daga wata kwamfutar, ana buɗe wa mutane asusu, ana girka manhajoji, ana sabunta ta shekara da shekaru kamar kowace saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima. Ɗalibin da ke koyon kula da saba wannan ce ta dace da shi, domin abin da zai gani a cikinta shi zai tarar a wurin aiki.

Manhajar da nake ba ka shawarar ka riƙe ita ce Incus, a kan Debian 13 da ya fito a watan Agustan 2025, domin da umarni iri ɗaya take sarrafa kwantena da kwamfutar kwaikwayo. Asalinta LXD ce, wadda kamfanin Canonical mai Ubuntu ya ɗauki nauyinta tun wajen 2015, ta kuma fara ɗaukar kwamfutocin kwaikwayo a 2020. A watan Yulin 2023 kamfanin ya janye LXD daga ƙarƙashin inuwar aikin Linux Containers, sai Aleksa Sarai ya tsago reshe daga gare ta aka sa masa suna Incus, kuma Stéphane Graber, wanda ya daɗe yana jagorantar LXD, yana cikin masu kula da shi. Duka biyun suna aiki da kyau, umarninsu ma kusan ɗaya ne, sai dai a LXD ana fara umarni da lxc, abin da ke rikita sabon shiga saboda akwai tsohuwar manhaja mai wannan suna. Na fi son Incus a gare ka domin tana cikin rumbun manhajojin Debian, kuma zubin 6.0 da ya fito a 2024 na dogon zango ne, wato za a daɗe ana kula da shi. Idan kai mutum ne da ya fi sakewa da danna maɓallai a burauza, Proxmox VE ma zaɓi ne nagari, KVM da LXC ɗin nan dai yake amfani da su, ana shiga shafinsa ta ƙofa ta 8006, amma ka sani cewa wajen girka shi yana share faifan gaba ɗaya.

Kafin komai, ka shiga BIOS, wato saitunan injin da ake shiga da zarar an kunna shi, ka tabbatar an kunna VT-x ko AMD-V, domin wasu kwamfutocin ofis na hannu da ake sayarwa a kasuwanninmu a kashe suke zuwa da shi. Idan ka girka Debian ka ga akwai fayil mai suna /dev/kvm, to komai ya yi daidai. Kwantena ba ta damu da wannan ba, Windows ne ba zai tashi ba sai da shi. Daga nan ka girka Incus tare da QEMU, ka rubuta:

incus admin init

Zai yi maka tambayoyi, kuma mafi muhimmanci a cikinsu ita ce ta irin rumbun ajiya. Kada ka zaɓi dir don ka ga shi ne mafi sauƙi, domin a kansa duk kwafin da za ka yi sai an kwashe fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Ka zaɓi Btrfs ko ZFS, waɗanda ba sa sake rubuta abin da bai canja ba, ta yadda kwafin kwantena ke kammala cikin ƙiftawar ido kuma ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da aka sauya a cikinsa. A Debian, Btrfs ya fi sauƙin farawa saboda yana cikin kanel tun asali. ZFS yana da inganci ƙwarai, amma yakan riƙe kaso mai yawa na RAM domin saurin karatu, don haka idan shi ka zaɓa sai ka rage masa da hannunka. Idan da hali, ka ware wa rumbun nan faifan SSD nasa daban da wanda Debian ke kai.

Kwantenar farko ta Moodle ce:

incus launch images:debian/13 moodle

incus exec moodle -- bash

Umarni na biyu ya shigar da kai cikinta, inda za ka girka sabar yanar gizo da PHP da rumbun bayanai na MariaDB kamar yadda ka saba. Da za ka ƙara --vm a ƙarshen umarni na farko, da kwamfutar kwaikwayo za ka samu a maimakon kwantena, kuma wannan ɗan bambanci shi ne dalilin da ya sa nake ganin manhajar ta dace da mai koyarwa.

Yanzu mu zo kan abin da na fi damuwa da shi, wato iyaka. Kwantenar da ba a sa wa iyaka ba tana ganin duk RAM da duk furosesan mai masauki a matsayin nata, kuma a cikin ɗalibai 20 ba za a rasa wanda zai rubuta shirin da ke haihuwar kansa ba tare da tsayawa ba, ko da gangan ko bisa kuskure. Idan hakan ta faru ana tsakiyar jarrabawa a Moodle, duk ɗakin ne zai tsaya cik. Maganin shi ne ka yi wa ɗalibai tsari ɗaya da kowace kwantenarsu za ta gada:

incus profile copy default dalibi

incus profile set dalibi limits.memory=512MiB limits.cpu=1 limits.processes=300

incus profile device set dalibi root size=5GiB

Da wannan, wanda ya ɗebo da zafi bakinsa: kwantenarsa ce kawai za ta shaƙe, na kusa da shi ba zai ma san an yi ba. A takarda kwantena 20 masu megabait 512 sun kai gigabait 10, amma da wuya su cika ma'auninsu a lokaci ɗaya. Ka bai wa Moodle gigabait 3, Windows 4, ka bar wa mai masauki aƙalla 2 da babu mai taɓawa. Jimillar ta ɗan haura 16, kuma hakan ba laifi ba ne matuƙar kana dubawa lokaci zuwa lokaci da umarnin incus list -c ns4m, wanda ke nuna suna da hali da adireshi da abin da kowace ke ci. Ranar jarrabawa kuwa ka kashe kwantenonin ɗalibai gaba ɗaya.

Hanyar samar da su ita ce ka gina guda ɗaya a kan tsarin dalibi ɗin nan ka sa mata suna asali, ka girka mata SSH da duk kayan darasi, ka kashe ta, sannan ka riƙa kwafa da incus copy asali dalibi01, har zuwa ta 20. Bayan ka kunna kowace, ka ɗauki hoton yanayinta:

incus snapshot create dalibi01 farko

Ranar da ɗalibi ya goge abin da bai kamata ba, kuma lalle zai goge, domin ta haka ake koyo, sai ka rubuta incus snapshot restore dalibi01 farko, ta koma yadda take a ranar farko kafin ya gama ba ka haƙuri. A ganina wannan ya fi komai amfani a aji, domin malamin da ya san gyara ba zai ɗauke shi minti ɗaya ba yakan ƙyale ɗalibi ya gwada abin da yake tsoro.

Game da tsaro, Incus tana ƙirƙirar kwantena marar gata ne tun asali, ma'ana wanda ke da cikakken iko a cikinta, mai lamba 0, a idon mai masauki wani talaka ne mai lamba irin 1000000 wanda ba shi da ikon taɓa komai. Saboda haka babu laifi ka bai wa ɗalibi cikakken iko a kwantenarsa. Abubuwa biyu ne nake roƙon kada ka yi. Kada ka kunna security.privileged don wani ya ce zai warware maka matsala, domin yana cire wannan kariya ne gaba ɗaya. Kada kuma ka saka ɗalibi, ko da amintaccenka ne, a rukunin incus-admin, domin wanda ke cikinsa daidai yake da mai riƙe da makullin injin duka. Sannan ka tuna cewa rijiyar ɗaya ce: idan aka samu ɓaraka a kanel, irin wadda aka gano a 2016 aka sa wa suna Dirty COW, duk kwantenonin abin ya shafa. Ga ɗaliban da ka san fuskokinsu, sabunta Debian na mai masauki a kan kari ya wadatar. Da a ce haya za ka bai wa baƙin da ba ka sani ba ta intanet, da kwamfutar kwaikwayo zan ce ka ba su. Haka kuma darasin raba faifai, ko girka babbar manhaja daga farko, ko taɓa kanel, ba ya yiwuwa a kwantena, sai ka tanadi kwamfutocin kwaikwayo biyu ko uku ɗalibai su riƙa karɓa-karɓa.

Windows yana bukatar haƙuri kaɗan. Za ka ƙirƙiri kwamfutar kwaikwayo wadda babu komai a cikinta da incus init akawu --empty --vm, ka ba ta furosesa 2 da gigabait 4 da faifan da bai gaza gigabait 64 ba, waɗanda su ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema, ka ƙara mata na'urar tsaro ta TPM ta kwaikwayo, sannan ka jona mata faifan girkawa. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne Windows ba ya zuwa da direbobin virtio, wato manhajojin da ke ba shi damar gane kayan jikin kwamfutar kwaikwayo, don haka sai ya ce bai ga faifan da zai sauka a kai ba. Manhajar distrobuilder tana da umarnin repack-windows da ke cusa direbobin a cikin faifan girkawar tun kafin a fara. Allonsa kuma za ka gan shi da incus console akawu --type=vga. Idan manhajar lissafin tana da makullin USB da ake sokawa, ana iya miƙa wa baƙuwar shi kai tsaye. Lasisin Windows yana nan a kanka kamar a injin gaske, kuma idan dole ta sa ka zauna a Windows 10, ka sani cewa Microsoft ya daina tallafa masa na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka ka hana shi fita intanet.

Sadarwa ita ce wurin da za ka fi shan tambaya daga ɗalibai. Incus tana gina gadar cikin gida mai suna incusbr0, tana raba wa kwantenoni adireshin da mai masauki kaɗai ke gani, suna iya fita amma na waje ba ya iya shigowa. Ga Moodle kaɗai, ana iya buɗe ƙofa ɗaya:

incus config device add moodle yanargizo proxy listen=tcp:0.0.0.0:80 connect=tcp:127.0.0.1:80

Amma tun da kowane ɗalibi zai shiga tasa daga teburinsa, ya fi kyau ka haɗa gada da katin sadarwar injin na waya, ta yadda rautar cibiyar za ta bai wa kowace kwantena adireshi kamar sauran kwamfutocin ɗakin. Wannan ba ya aiki a kan Wi-Fi, saboda haka ka ja wa sabar waya ko da sauran ɗakin ba su da ita. Akwai gajeriyar hanya mai suna macvlan, sai dai a kanta mai masauki ba ya iya magana da baƙinsa, abin da kan sa mutum ya kwana yana neman laifin da babu shi. Kada kuma ka girka Docker a kan mai masauki, domin yakan sauya dokokin shingen tsaron sadarwa ta yadda kwantenonin Incus za su rasa hanyar fita. Idan za ka koyar da shi, ka saka shi cikin kwantena ka kunna mata security.nesting.

Akwai abubuwan da littattafan waje ba sa damuwa da su amma mu nan su ne rayuwarmu. Na farko kuɗin data. Incus tana duba sabon samfurin manhajojin da ta sauko da su duk bayan awa 6, kuma za ka iya tsayar da hakan da incus config set images.auto_update_interval=0. Sannan ka ware ƙaramar kwantena ɗaya ka girka mata apt-cacher-ng, ka nuna wa sauran ita, domin idan ɗalibai 20 suka girka manhaja ɗaya, sau ɗaya kawai za a sauko da ita daga intanet. Na biyu agogo. Kwantena ba ta da agogonta, na mai masauki take karantawa, kuma tsofaffin injuna sukan zo da mataccen batirin CR2032, sai ka kunna da safe ka tarar kwanan wata ya koma shekarun baya, Moodle ya ƙi buɗe jarrabawar da aka sa wa lokaci. Ka canja batirin tun yau, ka kuma saita yankin lokaci a Africa/Lagos. Na uku ƙura da zafi. Na taɓa buɗe wata saba a ƙarshen hunturu na tarar ƙura ta yi kauri a bakin fankar furosesa kamar auduga, injin yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, mai shi kuwa yana shirin sayen sabo. Ka ɗaga injin daga ƙasa, ka hure shi kafin zafin Maris da Afrilu ya kankama.

Wutar lantarki kuwa sai an yi mata shiri na musamman. Ka sa sabar a kan UPS ko inbata, kuma idan UPS ɗin yana da wayar USB, manhajar NUT za ta iya umartar Debian ya kashe kansa cikin natsuwa idan batiri ya kusa ƙarewa. Incus tana jiran kowace baƙuwa daƙiƙa 30 ta rufe ayyukanta kafin ta tilasta mata, kuma Windows yakan bukaci fiye da haka, don haka ka ƙara masa ta boot.host_shutdown_timeout. Ka saita BIOS ya kunna injin da kansa idan wuta ta dawo, ka sa wa Moodle boot.autostart=true, domin ko ba ka nan yaron shago ya tayar da janareta, komai zai dawo ba tare da an kira ka ba.

Saura magana ɗaya wadda na koya da tsada, kuma ba na son ka koye ta ta hanyar da na bi. Hoton yanayi ba kwafin ajiya ba ne. Shekarun baya na kula da sabar wata makaranta a nan garin, na tsara mata ɗaukar hoton yanayi kowane dare, na kuma saki jiki ina ganin na gama aikina. Wata rana da damina wuta ta dawo da ƙarfi, faifan ya mutu, kuma duk hotunan suna kan faifan nan guda. Sakamakon zango ɗaya sai da malamai suka sake shigar da shi da hannu daga takardu, ina kallon wata malama tana bin sunaye da rula layi bayan layi har bayan la'asar. Sakacin nawa ne, kuma har yau ina jin nauyinsa. Ka tsara hotunan, suna da amfaninsu wajen gyara kuskuren ɗan Adam:

incus config set moodle snapshots.schedule=@daily snapshots.expiry=2w

Amma kowane mako, da kuma daren da ke gaban kowace jarrabawa da wanda ke bayanta, ka fitar da cikakken kwafi da incus export moodle zuwa faifan waje, ka yi wa akawu haka bayan ka kashe shi, ka kuma fitar da bayanan MariaDB daban da mariadb-dump, domin kwafin rumbun bayanan da ake tsakiyar rubutu a cikinsa ba koyaushe yake tashi lafiya ba. Faifan wajen kada ya kwana a jone, kada ma ya kwana a shagon: ka tafi da shi gida, domin abin da zai ci sabar, wuta ce ko ɓarawo, ba zai bar abin da ke gefenta ba. Idan za ka iya sayen biyu kana musanya su, ya fi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kafin ka ɗora wa tsarin nan jarrabawar gaske, ka ɗauki wata kwamfuta daga cikin na ɗalibai ranar da babu aji, ka girka mata Debian da Incus, ka shigo da kwafin da incus import, ka kunna Moodle, ka shiga da asusun ɗalibi ka amsa tambaya ɗaya. Ka duba agogo ka rubuta tsawon lokacin da aikin ya ɗauke ka, ka kuma rubuta matakan a takarda ka manna a cikin murfin akwatin da faifan ajiyar ke ciki, yadda ko mataimakinka zai iya bi idan ka yi tafiya Kaduna. Ka maimaita wannan gwaji a farkon kowane zango, da kuma duk lokacin da ka sabunta Moodle zuwa sabon zubi.